Disket Shuɗi na Malam Sa'idu

Malam Sa'idu ya zo Paris karatu daga Maraɗi tun yana da gashi a ka, kuma da albashinsa na farko bai sayi ko kujera ba, kwamfuta ya saya, Amiga. Duniya ta wuce wannan na'ura tuntuni, shi kuwa ya ƙi. Tana nan kan tebur a ɗakinsa na La Courneuve, wata unguwa a gefen Paris, lulluɓe da zanen matarsa Fatsima.

Akwai wani ƙaramin harshe na ba kwamfuta umarni, sunansa Rexx. Yana aiki a kan na'urori iri-iri, amma bai san sauti ba sai an yi masa ƙari, kuma ƙarin da aka yi wa Amiga ba ya aiki a ko'ina sai a kanta. Malam ya rubuta nasa da kansa. Da shi yake ɗaukar murya ya matse ta don ta shiga ɗan wurin da na'urar ke da shi, da shi kuma yake warware ta. Ƙarin yana kan disket guda shuɗi, ɗan faifan ajiya irin na da, sai an zura shi kafin akwatin ya yi magana. Muryar da ya ɗauka kuwa ta Fatsima ce, tana girki tana yi masa tsiya: "Malam, ka auri wannan akwati mana in huta." Tun da ta rasu, duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya kunna, ya sha faɗa, ya yi dariya shi kaɗai.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Ƴarsa Latifa ta ce daga asibiti Lyon zai wuce, gidanta. Latifa ƴar fari ce, tun haihuwarta bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya dube ta ido da ido ya roƙe ta abu. Don haka a kan gadon asibiti bango ya duba ya ce, "Abin da ke kan tebur, a lura da shi." Ita ba ta san kan na'ura ba, sai ta miƙa aikin ga mijinta Rachidou, injiniyan kwamfuta.

Rachidou fa ba jahili ba ne, kada a yi masa wannan uzuri. Ya kunna na'urar, ya karanta umarnin, ya ga layin da ke kiran ƙarin, ya ga disket shuɗi a gefe. Amma ya riga ya auna ƙaramin ɗakinsa na Lyon, ya ga gado da kujerar guragu sun kori kekensa na motsa jiki, kuma haushin tsohon ya cika masa ciki. Ya kwafe fayilolin murya da umarnin a kan kile, ɗan abin ajiya na USB, ya sauko da na'urar da kwalin disket ya jibge a bakin titi, motar shara ta zo ta kwashe.

A Lyon, ran Juma'a ta farko, Malam ya tambayi bango, "An kawo abin?"

Rachidou ya durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye, irin ladabin da ake nuna wa suruki. "Baba, komi na cikin wannan kile, an kwahe tas."

Ya zura kilen a kwamfutarsa ta zamani. Harshen ya tashi, ya karanta layin farko, ya ce bai ga ƙarin ba, ya tsaya. Rachidou bai ko matsa ya duba allon ba, a nan Malam ya gane cewa ya sani tun farko.

"Disket shuɗi hwa?"

"Wallahi Baba na so in tambaye ka, kunya ta hana ni. Amma kar ka damu, yanzu ana ƙera murya, c'est facile, ba wuya."

Da Juma'a ta zagayo ya shigo da kwamfutar yana fara'a. Ya ɗauki muryar Latifa daga saƙonnin waya, ya sa na'ura ta tsofar da ita. Ya danna, sai wata mata ta ce cikin sanyi, "Sa'idu, ina wuni? Ka ci abinci?"

Latifa tana bakin ƙofa, ta toshe bakinta da hannu. Fatsima ta zauna da mutumin nan tun ƙuruciya har kabari, ko a cikin faɗa ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Rachidou yana durƙushe yana jira. "Ta yi kama, Baba?"

Malam ya dubi bango, hawaye na gangarowa ta gefen da ba ya motsi. Mutum ba ya zagin surukinsa, balle yana cin tuwon gidansa.

"Allah shi yi albarka," ya ce.

Rachidou ya ce amin, ya ɗora kwamfutar a kan tebur inda hannun tsohon ba ya kaiwa, ya saita ta ta riƙa kiransa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.