Shirun Jolana

Jolana ta cusa gefen bargo a baki ta cije. Wani ɗumi ke bin cinyoyinta yana ratsa zanin gado, kuma ta san ba gumi ba ne.

Da hantsi ta haifi ɗanta na fari a asibitin gunduma, can gabashin Slovakiya. Aka turo ta ɗakin ƙarshen baranda, inda ake ajiye matan ƙabilarsu ta Roma, nesa da ɗakunan farare. Tun a gida surukarta Etela ta ja mata kunne: "Ko ciwo zai tsaga ki, kada ki yi ihu. Cewa suke yi mu masu kwakwazo ne. Da kin dame su, sai su ce ba ki iya riƙon ɗa ba, su kai shi gidan marayu."

Ta dubi jaririn da ke barci kusa da ita, ta ƙara cije bargon.

A gadon gefe Margita, mai haihuwa ta shida, tana cin burodi da cuku.

"Amarya, kin yi tsit kamar ana addu'a a coci. Ko kewar Dezider ce tun yanzu? Bar mijin nan naki ya huta, ya gama nasa aikin."

"Yaya, sanyi nake ji."

"Sanyi? A wannan zafin?"

Margita ta sauko ta ɗaga bargon. Burodin ya suɓuce daga hannunta. Ta danna ƙararrawa, ta sake dannawa. Sai can nas ta leƙo, ba ta ko tsallako bakin ƙofa ba.

"Sista, jini take zubarwa!"

"Wace mai jego ce ba ta zubar da jini, Margita? Ke da kika saba." Ta juya ga Jolana. "Ke, akwai damuwa?"

Jolana ta ga idon nas ɗin ya sauka kan jaririn.

"Babu, Sista."

"Kin ji ko? Da haka kuke duka, da mun huta."

*

Margita ta wage taga. A ƙasa dangi sun cika harabar, kamar yadda suka saba duk ranar da tasu ta haihu, tun da ba a barin su shiga. Ta kwarma ihu, ta kira Dezider da sunansa.

Jolana tana jin bugun ƙofa da hayaniyar maza kamar daga ƙarƙashin ruwa. Likita ya hauro a fusace don ya tsawata wa mai ihu, sai takalminsa ya zame a kan abin da ya taru ƙarƙashin gado. Nan take ɗakin ya cika da masu gudu. Ana tura gadon Jolana waje ta kamo rigar nas ɗin da yatsu masu sanyi.

"Sista, ba ni ce na yi ihu ba. Kada ku ɗauke shi."

*

Da la'asar aka bar Etela ta hau. Likitan ya same ta a baranda, a gajiye, yana murza hularsa.

"Mun yi iya ƙoƙarinmu, Mama. Da mun sani da wuri, da ta rayu. Me ya sa ba ta gaya wa kowa ba?"



Aka miƙo wa Etela jikan nata a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya motsa, ya fara kuka. Tsohuwar ta waiga a firgice, ta dubi masu fararen kayan da ke tsaye, ta ɗora tafin hannunta a hankali kan ɗan bakinsa.