Muryar Falmata

Duk wanda ya zauna a Nguru a shekarun can ya san Zarami direba, in ma bai san fuskarsa ba ya san ƙugin motarsa mai bodin katako, wadda ke jigilar bandar kifi da fatu daga Gashuwa zuwa tashar jirgin ƙasa. Gwauro ne, maganarsa ba ta cika mudu ba, furfura ta fara yi masa kutse a gemu. Tsofaffin unguwa sun yi masa tayin mata har bakinsu ya gaji. Kullum in ya dawo daga hanya ya yi la'asar, sai ya kwance batirin motar, ya saɓa shi a kafaɗa, ya shige ɗaki ya ja ƙyaure. 'Yan tasha suna cewa tsoron ɓarayi ne. Ina! Wane ɓarawo? Matarsa zai je ya saurara, wadda ta shekara takwas a ƙasa.

Ga yadda abin yake. Da can yana da maƙwabci, Wilfred, akawun reluwe, mutumin kudu mai son kiɗa kamar ransa. Yana da sifiku biyu masu fitar da sauti, akwatunan katakon maɗaci masu kai wa gwiwar mutum, da wata 'yar rikoda mai tef naɗe a kwarkwaro. Wata rana ana suna a unguwa, sai matar Wilfred, Ngozi, ta rungumi rikodar ta shige cikin gida wurin mata, inda namiji ba ya taka ƙafa. Ana daka, aka ce Falmata matar Zarami ta ba da waƙa. Ta ba da kuwa, da Barbarci, sauran mata na amshi, taɓare na sauka a turmi. Rikoda ta kwashe tsaf.

Shi kuwa Zarami bai taɓa jin matarsa tana waƙa gaba da gaba ba. Kunya ce tsakaninsu irin ta mutanen da. Da ya yi sallama take haɗiye waƙar da ke bakinta, sai dai ya tsinci gutsure ta bayan katanga in ya yi sa'a.

Shekarar da aka yi hargitsin da ya sa mutanen kudu komawa gida, Wilfred da iyalinsa suka tashi ba shiri. Zarami ne ya kai su tasha a motarsa. Wilfred ya ce masa sifikun ba za su ɗauku ba, ya riƙe su da rikodar, halak malak. Ngozi ta cusa masa tef ɗin a hannu ta ce na Falmata ne. Damina na zagayowa Falmata ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ta haifa.

Tun daga nan Zarami ya zama bawan akwatunan nan biyu. Ya ɗora su a kan bulo don kada gara ta taɓa su, yana shafe katakon da man gyaɗa, yana rufe su da zanen gado. In ya haɗa wayar batir ya murɗa, sai ɗakin ya cika da sautin turmi, sannan muryar ta taso, mai nauyi, mai sanyi, ba ta gaggawa. Waƙar gajera ce, ba ta kai a dafa shayi ba. A ƙarshe Falmata ta kan yi dariya ta ce, "Kai Ngozi, kashe abin nan!" Nan tef ɗin yake ƙarewa, nan kuma kewa take kama shi kamar yau aka yi rasuwar.

To, abin duniya ba ya dawwama. A shekara ta takwas muryar ta fara dishewa, kalmomi suna narkewa cikin juna. Rannan kuma rikodar ta cafki tef ɗin ta fara tauna shi. Da ƙyar ya zaro shi da tsinken tsintsiya. Tsoro ya kama shi sosai, domin ya san in tef ɗin nan ya tsinke, Falmata ta yi shiru ke nan har abada.

Washegari ya naɗe sifikun da rikodar a bargo, ya sa su a gaban mota kusa da shi, kifi da fatu kuwa ko oho. Ya nufi shagon Tayo, Bayarabe mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Gashuwa, wanda aka ce ko rediyo ta mutu ta yi bakwai yana tashin ta.

Tayo ya buɗe bayan sifika ɗaya ya leƙa, ya yi fito.

"Malam Zarami, ina ka samo waɗannan? Wallahi ko a Kano sai an tona."

"Ka gyara su kawai."

"Su lafiyarsu lau. Yunwa suke ji." Ya nuna rikodar da sukudireba. "Wannan 'yar tsakuwar ce ba ta iya ciyar da su. Ingarma biyu ka ɗaure kana ba su ƙaiƙayi. Tun da ka same su ba su taɓa buɗe murya ba."

Zarami ya ɓata rai, don ko ba komai tsohon doki sai mai shi. Amma da Tayo ya ce rikodar za ta sake cin tef, ba gobe ba jibi, sai ya sauko. Suka shirya a aiko da sabuwar rikoda daga Kano, da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, duka masu aiki da batirin mota, da sabuwar waya mai kauri. Tayo ya miƙa hannu ya ce a bar masa tef ɗin ya gwada. Zarami ya dafe aljihun ƙirjinsa ya ce ko kusa.

Mako uku ya yi ba ya jin muryar. Kai, an ga gwauro a makonnin nan! Ya yi faɗa da ɗan kamasho, ya yi faɗa da mai tuwo, har akuyar maƙwabta sai da ta sha jifa. La'asar in ta yi, sai ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar da kaya suka iso Nguru a jirgi, ya je Gashuwa ya ɗauko Tayo da sifikun da tsohuwar rikodar. Suna shirin tashi sai ga Ya Kaka da ƙullin kayanta, yayar Falmata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana auren wani masunci a can. Biki za ta je Nguru.

"Zarami, ka ga mota ta samu, ko za ka bar ni a rana?"

"Haba Ya Kaka, ni na isa? Hau gaba."

Ita ba ta san da zancen tef ba. Bai taɓa gaya mata ba, yana jin nauyin a ce namiji da gemunsa yana rufe ƙofa yana sauraron matarsa. Da ta tambayi akwatunan mene ne, ya ce kayan rediyo ne. Da suka iso ta ce za ta huta a gidansa kafin rana ta yi sanyi, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta jawo ƙwarya tana ɓarar gyaɗa.

A ɗaki Tayo ya yi ta kai da kawo. Ya raba sifikun, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, ya janye su daga bango, ya karkato fuskokinsu wajen gado. Ya fere bakin waya, ya murɗe, ya ɗaure. Ya sa Zarami ya zauna a tsakiya daidai, ya ce nan ne mazaunin mai gida. Sannan ya karɓi tef ɗin da hannu biyu, ya gyara inda ya yamutse, ya ɗora, ya danna.

Turmin ya fara. Subhanallahi! Sai ka rantse a ɗakin ake dakan. Ana jin taɓarya uku daban-daban, ana jin ƙarar awarwaro, ana jin wata kaza can nesa. Zarami ya gyara zama, bakinsa ya fara motsi. Sai muryar ta taso.

Siririya ce, tsaf, mai zaƙi, tana gudu tana tsalle a kan kiɗan turmin kamar ɗan akuya. Muryar yarinya.

Zarami ya miƙe zumbur.

"Kashe! Kashe, na ce!"

Tayo ya kashe.

"Wace ce wannan? Me ka yi wa tef ɗina?"

"Malam, a gabanka na ɗora shi."

"Ba ita ba ce! Matata ba ta tsiwa da murya haka. Injinka ya lalata ta. Mayar min da tawa!"

Tayo bai yi fushi ba. Ya jawo tsohuwar rikodar, ya kwance gindinta, ya zaro wata 'yar baƙar roba, ya ɗaga ta. Ta saki, ta yi laushi, ta tsattsage.

"Kai direba ne, Malam. In fanbel ya saki, yaya fanka take juyawa?"

Zarami ya dubi robar. Tayo ya ci gaba.

"Wannan robar ce ke juya tef, ta daɗe tana sakewa, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Tef yana tafiya a hankali, murya tana yin ƙasa. Kai kuwa kullum kana ji, ba za ka lura ba. Sabuwar nan a daidai take tafiya. Yadda aka ɗauka, haka ta fito."

"Ƙarya ne," in ji Zarami, amma muryarsa ba ƙarfi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ga shi mutumin da ke gane ciwon inji tun daga ƙofar tasha bai gane na cikin ɗakinsa ba.

"Bari mu ji ta kai ƙarshe, in ba ka so sai in cire," Tayo ya ce, ya mayar da tef baya ya sake dannawa.

Turmi ya sake tashi, yarinyar ta sake ba da waƙa. Da ta kai inda mata ke amshi, sai amshin ya fito ta wuri biyu, ta cikin sifikun da kuma ta ƙofa. Ya Kaka ce tsaye a bakin ɗakin, ɓawon gyaɗa a zaninta, tana amsawa da tsohuwar muryarta, hawaye na bin tsagen fuskarta. Ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Da Falmata ta yi dariyar nan ta ce a kashe abin, sai Ya Kaka ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

"Falmata! Wayyo 'yar uwata! Zarami, ashe tana ɗakinka duk shekarun nan ka hana ni ita?"

Zarami ya durƙusa a gabanta. Bai ba ta haƙuri ba, abin da ke cin sa kawai ya tambaya.

"Ya Kaka, don Allah ki gaya min gaskiya. Muryarta ce wannan?"

"Wane irin zance ne wannan? Tun ina gindin bishiya na gane ta. Ni na goye ta fa. Waƙar ma ni na koya mata a bakin kogi."

"Ni ban gane ta ba." Ya faɗa a fili, a gaban baƙo, kunyar ma ta gudu. "Na ce ba ita ba ce. Shekara takwas ina zaune da wata murya, tana tsufa ina tsufa, ina cewa matata ce. Na manta muryar matata, Ya Kaka."

Ya Kaka ta share ido da gefen mayafi ta dube shi. Ta fasa faɗan da ta ɗauko, don ta ga mutumin ya fi ta shiga uku.

Tayo ya yi gyaran murya. Ya ce in Malam yana so, zai iya mayar da tsohuwar robar, ya lallaɓa rikodar ta ci gaba da aiki yadda ya saba ji, ya haɗa ta da amfilifayar. Zai riƙa jin waccan muryar, har ma ta fi da fitowa.

Zarami ya daɗe yana kallon robar a tafin hannun Tayo. Yana son waccan muryar, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Ita ta taya shi zama, ita ya saba gaya wa gajiyar hanya. Amma ba a taɓa yin mace mai wannan muryar ba, ko a Nguru ko a Gashuwa.

"Tafi da robar nan shagonka," ya ce da ƙyar. "Har rikodar. In tana gidan nan zan koma mata."

Tayo ya naɗe ta a bargo ya fita da ita waje, ya bar su su biyu. Zarami ya koma bakin gado. Ya Kaka ta matso ta zauna a tabarmar ƙasa. Ya miƙa yatsa ya danna sabuwar rikodar da kansa, karon farko.

Wannan karon bai runtse ido ba. Ya saurari yadda take jan numfashi a gurguje tsakanin baiti da baiti, yadda dariya ke neman ƙwace mata tun a tsakiyar waƙa, yadda take rige sauran mata shiga. Ba ta san komai ba game da daminar da ke tafe. Ya shafa gemunsa, ya dubi bayan hannunsa da ya fara tattarewa.

"Ashe yarinya ce, Ya Kaka," ya ce a hankali. "Yarinya ce ƙarama."

"Shekararta ashirin da biyu," in ji Ya Kaka.

Sai a lokacin ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka kai Falmata makwancinta.