Murfi na Uku

Mai Kunne ya juye murfi na biyu na baƙin mai a tankin babur ɗin, ya ɗan yi jim da gwangwanin a hannu, sannan ya sake cika murfin ya zuba na uku.

"Yau ranar fita kunya ce, Tsohuwa," ya ce da babur ɗin, yana jijjiga shi don man ya gauraya da fetur. "Kada ki yi min tari a gaban yaran nan."

Tsohuwa yake kiran babur ɗin, kuma yadda ake lallaɓa tsohuwa haka yake lallaɓa ta. Shekararta arba'in da ɗaya a hannunsa. Irin injin zamanin da ne, wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur a tanki ɗaya. Ƙa'ida murfi biyu ne in an cika tanki. Na uku na manyan ranaku ne, haka maigidansa da ya koya masa kanikanci ya hore shi: in inji zai shiga taro, ka ƙara masa mai, muryarsa ta yi laushi. Ya zuba mata na uku ranar ɗaurin aurensa. Ya zuba ranar da ya kai matarsa asibiti tana naƙudar ɗansu na ƙarshe. Ya zuba ranar da ya raka gawar maigidan nasa.

Bana kuwa wasu masu zama a ofis mai sanyi ne suka kafa doka: duk babur da ya haura shekara ashirin a kai shi gidan gwaji. Wanda hayaƙinsa ya wuce ƙima ba zai fito daga harabar ba, inji zai matse shi ya zama dunƙulen ƙarfe. Wai iska suke tsabtacewa. Manyan motocin da ke turnuƙe gari tun asuba, su turare suke fitarwa ke nan. Mai Kunne ya yi ta ja da baya har wa'adi ya zo ƙarshe, yau ce rana ta ƙarshe.

"Uku na ji," in ji matarsa Inna daga kan kujerarta a bakin ɗaki.

"Uku na zuba."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Shekara huɗu ke nan da ciwon suga ya tafi da idanun Inna. Tun daga lokacin, in ya fita sai ta saka sakata a ƙofar gida, don ita kaɗai take wuni. Ya ɗaura mata igiya daga bakin ɗaki zuwa ƙofa. Da ya karyo kwanar layinsu, ya sauke giya zai tsallaka kwatar da ke bakin layin, sai ta miƙe ta kama igiya. Kafin ya iso ta zare sakata. Ko sau ɗaya bai taɓa sauke ƙafa yana jira ba. Cikin babura dubu, ita muryar Tsohuwa kawai take sani.

"Baba, ina kwana?"

Mai Kunne ya zabura har gwangwanin ya kusa suɓuce masa. Auta ne, ɗansu na ƙarshe, tsaye a bayansa da hular kwano a kai. Ya shigo da babur ɗinsa na lantarki har tsakar gida, ko motsinsa ba wanda ya ji.

"Kai wane irin mutum ne? Ka shigo wa mutane kamar ɓarawo!"

"Na yi sallama, Baba."

"Kai ka yi, abin hawan naka fa? Wannan babur ne ko fatalwa?"

Auta ya yi murmushi ya durƙusa ya gaida Inna. Aikin kai saƙo yake yi a wani kamfani, mata da 'ya'ya biyu yake ciyarwa da wannan fatalwar. Ya dubi Tsohuwa, ya dubi gwangwanin.

"Ka dai rage mata mai ko? An ce hayaƙi kawai suke aunawa."

"Ni za ka koya wa? Tun uwarka na tallan goro nake kwance inji in ɗaura." Ya nuna shi da sifana. "Hayaƙin lafiyayyen inji daban, na mai ciwo daban. Duk wanda ya san aiki, da ya ji muryarta ya gama gwaji."

Mai Kunne ya buga kik sau ɗaya, Tsohuwa ta amsa, tsakar gidan ta cika da shuɗin hayaƙi mai ƙanshin da shi a wurinsa ya fi turare.

Hanyar gidan gwajin ta bi ta layin kanikawa, inda ya yi shekara talatin da biyar yana aiki. Bai so ya duba ba, amma ido ba ya jin magana. Lokacin da ya fara koyo, babur kayan manya ne, sai malamin makaranta da akawu. Ƙarfe ne zalla, in ya faɗi sai mutum biyu sun ɗaga. Mai shi ya san fulogi, ya san kafireta, yana yawo da sifana a aljihu. Daga baya aka kawo na roba, marasa nauyi, mata ma suka hau. Sannan aka cika gari da na cikin kwali, a haɗa maka da safe, kafin shekara ya zama gwangwani. Ya zage su duka, amma ya gyara su duka, don ko ba komai suna magana. Mutum ya tsaya a bakin rumfarsa da babur a kunne, shi yana can ciki ya ba da baya, zai ce, "Ringi ne," ko "Sarƙarka ta saki." Nan ya samo sunansa.

Yanzu inda rumfar take an jera wasu akwatuna masu fitilu. Mutum ya zo ya zare batir ya zura wani, ya wuce, ko gaisuwa babu. In abin ya lalace ba mai buɗewa, an liƙe shi da hatimi, sai dai a mayar kamfani. An mai da masu babur 'yan haya a kan abin hawansu, su kuma suna ta murna. Mai Kunne ya ja tsaki ya murɗa totur.

A harabar gwajin tsofaffi ne reras a layi, kowa riƙe da ƙahon babur ɗinsa kamar masu jiran likita da marasa lafiya. Na gabansa wani tsohon ɗan aiken gidan waya ne, siriri, da jan babur duk tsatsa. Da mutumin ya tayar da shi, Mai Kunne ya runtse ido kamar an soka masa allura.

"Malam, kana ba shi mai kuwa?"

"Rabin murfi," in ji tsohon, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Tun makon jiya nake horar da shi da yunwa. Jikana ne ya ba ni dabara."

"Ba ka ji fistin yana cin jikinsa ba? Injin nan ba zai kai wata ba!"

"Ya dai kai yau."

Mai gwajin saurayi ne mai farar riga, wadda ko ɗigon baƙin mai babu a jikinta. Abin da ya fi ƙona wa Mai Kunne rai shi ne wasu faya-fayai da ya toshe kunnuwansa da su. Mai gwada inji, ya toshe kunne! Ya zura wani bututu a salansar jan babur ɗin, ya zuba wa allon na'ura ido. Injin yana ta kururuwar neman agaji, ba wanda ya kula. Fitila ta kawo kore. Aka manna masa takarda, tsohon ya tura abinsa yana washe baki.

A nan ne Mai Kunne ya tuna da murfi na uku. Ya waiga yana neman inda zai fita daga layin ya zuƙe tankin, amma mai gadi ya riga ya ɗaga masa sanda, wani kuma ya riga ya karanta lambar Tsohuwa ya shigar.

"Tayar, Baba," in ji mai gwajin.

Ya buga kik. Wallahi ba ta taɓa yin murya mai daɗin ta yau ba. Tsofaffin da ke layi suka yi tsit, wani ya ce, "Kai! Wannan inji!" Lambobi suka fara hawa a allo. Saba'in. Tamanin da biyar. Iyaka ɗari ce, an rubuta ta da jan fenti a bango. Casa'in da tara. Suka tsaya a ɗari da shida, fitila ta kawo ja.

Saurayin ya zame faifan kunne ɗaya, ya ɗan saurara, sai fuskarsa ta canza.

"Baba, injin nan ai lafiyarsa lau. Ban taɓa samun mai shekarunsa da ƙarfi haka ba. Mai ne kawai ya yi yawa. Da ka rage ko da murfi ɗaya ne, da ya wuce."

"To a ba ni minti goma. Ga tiyo nan a jakata, in zuƙe tankin."

"Gwaji ɗaya ne."

"In ji wa?"

"Na'ura ta riga ta aika sakamakon. Ko ni ba ni da ikon gogewa."

"Na'ura ce ubanka?" Muryar Mai Kunne ta cika rumfar. "Yanzun nan ka sallami gawa da koriyar fitila! Gawa! Ni da ke tsaye can na ji fistin ɗinsa yana kuka, kai ka toshe kunne kamar mai gudun gaskiya. Ga lafiyayya a gabanka, da bakinka ka faɗa, za ka aika ta a matse? Wane irin aiki aka koya muku? Kun iya karanta lamba, ba ku iya jin komai ba!"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Kada ka ƙara ce min Baba! Da na haife ka da ka san abin da ake yi da kunne."

Masu gadi biyu suka matso. Sai ya ji an riƙe masa hannu ta baya. Auta ne, ashe ya ajiye saƙonninsa ya biyo shi, kuma ko yanzu bai ji zuwansa ba.

"Baba, nawa ka zuba?" ya tambaya a hankali.

Mai Kunne ya juya ya dubi tankin Tsohuwa. Duk fushin da yake watsa wa mutane ya juyo ya tokare shi a ƙirji. Ba doka ce ta cika murfin ba, ba na'ura ce ta juye shi ba. Shi ne, da hannunsa, don ƙauna.

Wani lebura ya kama ƙahon Tsohuwa yana ja. Tayar baya ta ƙi juyawa, tana kartar siminti, shi kuwa sai ƙara fizga yake.

"Tana cikin giya, jaki!"

Ya fizge hannunsa daga na Auta, ya je ya ture leburan, ya taka giyar ya sake ta. Shi da kansa ya tura ta har bayan rumfar, inda aka jibge sauran kamar itacen wuta. Bai jingina ta a kansu ba. Ya kafa ta a kan ƙafarta, ya rufe famfon mai yadda yake yi kullum, ya zare makulli ya saka a aljihu. A bakin ƙofa aka miƙo masa takardar musanya, wai ya je ya karɓi na lantarki a kan rangwame. Ya dunƙule ta ya jefa a kwata. Auta ya bari ya yi gaba, ya tsince ta ya soke a aljihu.

A bayan Auta ya koma gida, karo na farko da wani ya goya shi tun yana ɗan koyo. Abin yana sulalawa kamar an tura shi a gangare. Ba abin da yake ji sai iska da numfashinsa. Da suka karyo kwanar layinsu suka zo kan kwatar, ƙafarsa ta hagu ta danna giyar da babu ita.

Auta ya tsaya a ƙofar gida.

"In shiga in faɗa mata?"

"Tafi aikinka."

Ya tafi, ko ƙurarsa ba a ji ba.

Ƙofar a rufe take. Mai Kunne ya kara ido a tsagar da ke gefen sakata. Inna na kan kujerarta, rana ta karkata ta kai mata gwiwa. Ta ɗan kwantar da kai, kunnenta na dama yana fuskantar kwanar layi, hannunta ɗaya ya riga ya riƙe igiyar. Wani babur mai fetur ya wuce can bakin titi, ta ɗago kaɗan, ta saurara, ta koma yadda take.

Ya daɗe tsaye da makullin Tsohuwa a hannu. Shekara talatin da takwas yana shiga gidan nan, bai san ma irin ƙarar da ƙofarsa take yi ba. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

Inna ta firgita, ta saki igiyar, ta jawo mayafinta.

"Wane ne?" ta ce.