Kofi Ɗaya a Kanheri

Ni na zaɓi wurin. Autata Pradnya ta so mu gana da uban saurayinta a gidan abinci. Na ce a'a, kogunan dutse na Kanheri za mu. A gidan abinci kowa da kofinsa.

Makarand, saurayin nata, yaron kirki ne, amma ɗan Barahmin ne, masu ganin asalinsu ya fi na kowa tsarki. Mu kuwa a ƙauyenmu ba mu isa mu taɓa rijiya ba, daga nesa ake tsiyaya mana ruwa a tafin hannu. Abin da ya kai ubana addinin Buddha ke nan. Ba zan kai 'yata gidan da za a ware mata kofi ba.

Mu huɗu muka sauka daga jirgin ƙasa a Boribali, motar gandun daji ta kai mu gindin dutse. Uban yaron, Pendse, gajere ne mai tumbi, yana rungume da gorar ruwansa. Na lura da gorar sarai.

Muka fara hawa, rana tana dukanmu. Kafin mu kai babban kogo wani biri ya diro, ya fizge gorar, ya haye bishiya.

"Ɗan banza!" in ji Pendse. "Ko na gode babu!"

Muka cire takalma muka shiga. Na durƙusa gaban Buddha, shi ma ya haɗa hannuwa. Bai burge ni ba. Yi wa dutse ladabi ba wuya.

Da muka fito muka zauna kusa da ramin da mutanen dauri suka sassaƙa don tara ruwan sama. Pendse yana haki, leɓensa ya bushe. Na ciro gorata da kofin ƙarfe, na cika, na kafa baki na sha rabi, na miƙa masa.

"Baba," Pradnya ta ce ƙasa-ƙasa, "bari in sayo masa na kwalba."

"Zauna."

Pendse ya karɓa. Ya ɗaga kofin sama zai tsiyaya a baki daga nesa, yadda kowa ke yi a Mumbai.

"A gidana da leɓe ake sha," na ce.

Hannunsa ya tsaya. Makarand ya sunkuyar da kai. Pendse ya dubi kofin, ya dubi Pradnya. Sai ya kafa baki daidai inda na kafa, ya shanye.

"Tsoho, da birin nan kuka haɗa baki ko?"

"Ba na hulɗa da ɓarayi."

"To ƙaro mana. Rabin kofi ake ba suruki? Rowa!"

Na ƙara masa.

"Lahadi ku zo gida a sa rana," na ce. "Kai da matarka. Ita ma da kofin nan za ta sha."

Dariyarsa ta ɗauke. "Ita fa sai a hankali."

"Ba sauri nake ba. Yarinyar nan ba ta rasa ɗakin kwana ba."

Ya goge baki, ya daɗe yana kallon benayen birni can bayan daji.

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu."

"Za ta zo, za ta sha," ya ce.