Rigar Kafinta a Kan Igiya

"Wallahi sai na ga bayanki!" Mai Wanki ta wurga takalmi. Magen ta goce, ta haye katanga. Ga riga an wanke an goge, sharkaf da fitsari.

Gimbiya ke nan, magen tsohon kafintan da ke ɗakin ƙarshe. Da can ko kaza ba ta kora, wuni take cikin garin katako tana lumshe ido. Amma tun da ciwo ya kwantar da tsohon, sai ka ce an canza ta. Kuka ba ƙaƙƙautawa, ga shiga kwandon wanki. Jiya ma ta tsaga wa Mai Wanki bayan hannu don kawai ta janye wata riga daga ƙarƙashinta.

Ita kuwa Mai Wanki ba a taɓa ta a kwana lafiya, mijinta ma shaida ne. Ta yaudari magen da kan kifi, ta kifa mata buhu, ta ɗaure tam, ta miƙa wa direban motar yashi.

"Ka kai ta inda ba za ta ƙara ganin gidan nan ba."

"Haba Yaya, mage ce fa."

"Da ce maka na yi saniya ce? Tafi!"

Ranar har da waƙa ta yi guga.

Washegari ta kai wa tsohon kayansa. Ya rame ƙwarai, hannunsa na ta laluben gefen katifa.

"'Yata, ba ki ga Gimbiya ba?"

Ɗansa na bakin ƙofa yana latsa waya. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ni na hana ta shigowa tun da ya kwanta, gashi take zubarwa. Shi ne ta koma bin rigunansa har kwandonki."

Mai Wanki ta dubi kayan da ta kawo. Rigar da ta sha yakushi a kanta, ta tsohon ce. Wadda aka yi wa fitsari ma tasa ce, bayan sabulu ya kashe ƙanshin katakon da ke jikinta.

"Tana nan, Baba," ta ce. "Tana kan katanga."

"To, a bar mata ƙofa."

Kafin yamma tsohon ya cika, ƙofar a buɗe.

Direban ya ce can bayan kogi ya saki magen. Mai Wanki ta yi wa ɗan tsohon Allah ya isa a gaban 'yan gaisuwa, ta rantse ko hankici ba za ta ƙara wanke masa ba. Kanta ma ba ta yafe wa ba.

Cikin kayan mamacin akwai rigar aikinsa, duk garin katako. Wannan ba ta bari ruwa ya taɓa ta ba. Kullum da safe sai ta rataye ta a igiyar ƙasa, dab da katanga, hannun rigar yana jan ƙasa.