Ƙashin Baƙo a Buhun Soso

A gidan shayin da ke kallon tashar jiragen Matruh aka ƙulla cinikin, ina zaune a teburin baya. Bahgat Bey, mutumin hukumar leƙen asiri daga Alƙahira, yana son jirginmu na ciro soson teku, da mu duka a ciki, na kwana arba'in. Rayyis Shihata, mai jirgin, ya ce sai da sabon inji da fam ɗari uku. Bey ko tayawa bai yi ba, nan gabana ya amince.

Abin da yake nema wani jirgin yaƙi ne mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, na ƙasar da ba ma shiri da ita. Shekara biyu da nutsewarsa, masu shi suna can wani gefe suna ta lalube. Mu namu mu ɗaura masa sarƙoƙi, babban jirgi ya zo ya ɗaga. Kowa ya tambaya, soso muke nema.

"Ya Rayyis," in ji Bey, "duk wanda ya fito da ko maɓallin riga daga wurin nan, ya yi sallama da gidansa tun yau."

"Me za mu yi da maɓalli, ya Bey? Rigar ma da ƙyar."

Ni ke juya famfon iska, Gabir ke nutso. Zurfin gaba talatin yake sauka. Ubansa a teku ya tafi, ba a ga gawarsa ba, shi ya sa duk Alhamis in mata sun nufi maƙabarta, uwar Gabir bakin ruwa take zuwa. A wurinmu kuwa, mai nutson da ya tarar da mamaci a ƙasan teku, mamacin ya zama amanarsa, sai ya kai shi tudu an binne, ko wane addini yake yi. Bey da karatunsa duka bai tambayi wannan ba, mu ma ba mu ga abin faɗa ba.

Rana ta goma sha tara Gabir ya hau da buhun soso. Da na karɓa na ji abu yana ƙara a ciki, ashe ƙasusuwan mutum ne. Ya ce a bakin ƙofar jirgin da ya nutse ya same shi, hannunsa na kan marfin.

Na ce, "Kai jaki, ba ka ji Bey ba? Mai da shi."

"Na ji shi. Wannan ma yana da uwa."

Ranar Juma'a da muka sauka ɗibar ruwa da burodi, ya kai shi gefen maƙabarta. Tsoho Uwais mai haƙa kabari ba ya rufe mutum babu suna. Daga shi har Gabir ba mai iya karatu, sai suka ɗauki ƙusa suka kwaikwayi rubutun ɗan ƙarfen da ke wuyan mamacin a kan ɗanyen siminti, harafi bayan harafi, har da lambarsa. Wani Bagirke mai sayen soso, wanda matarsa ke kwance a maƙabartar Kiristoci a tsallaken katanga, ya zo ziyara ya karanta, labari ya bazu. Kafin kwana goma jiragen yaƙi biyu na masu jirgin sun tsaya a kan wurin. Aiki ya mutu.

Da azahar mutanen Bey suka zo kama Gabir, yana cin wake da burodi. Bai musa komai ba. Ya dai ce in gaya wa uwarsa ta riƙa yayyafa wa kabarin ruwa.

Bey an canza masa ofis, na ji har da ƙarin girma. Rayyis injinsa na nan yana aiki. Baƙin sun ɗauke matattunsu, har na gefen maƙabartar, wata tsohuwa a ƙasarsu ta sami inda za ta tsaya ta yi kuka. Ni na tsira da raina, don na rantse soso kawai na gani a buhun. Gabir ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Uwarsa yanzu maza biyu gare ta da ba su da kabari.