Katakon Da Ba Ya Wari

Kafinta da hanci yake sayen katako. Irin wanda ake matse garin itace a yi shi, in warinsa bai sa ido hawaye ba, a wajensa gam bai ji ba. Shi ya sa ranar da surukinsa, mai aiki a kamfanin katako, ya sauke masa falle huɗu a shago, ya shinshina ya haɗe rai.

Surukin ya ce, "Gadon jikanka za a yi, Baba. Likita ya ce warin gam ne ke tayar masa da ciwon ƙirji."

"To wannan ina gam ɗinsa?"

"Babu. Zaren jikin tsiro ne aka niƙa har ido ba ya ganinsa. Shi ke riƙe garin."

Wato itace ke riƙe itace! A ran Kafinta, biri ya yi kama da mutum. Dama surukin nan nasa daɗin baki ya yi masa yawa. Wa ya sani ko rarar da kamfani ya zubar ce ya kwaso? Ya yanki guntu ya jefa a bokitin ruwa, da ya dawo ya tarar gefensa ya kumbura. Shi ke nan, ya samu shaida. Tsoro ya kama shi sosai, yana hango gado ya karye da jikansa. Shi da ya tsufa yana shaƙar gam, me ya same shi?

Ya jingine sabon a bayan shago, ya haɗa gado da tsohon katakonsa, ya rufe da fenti, ya kai musu.

Ba a yi mako ba 'yarsa ta kira shi. Ya samu jikansa a cinyarta, numfashinsa na ƙara kamar fito, ita kuwa ta tasa mijinta a gaba.

"Ka rantse mini babu gam! Baba, ka ji irin mutumin da nake zaune da shi?"

Surukin ya durƙusa, ya kankare fentin gadon da farce, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dubi Kafinta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne," ya ce. "Ban duba da kyau ba."

Kunya ta rufe Kafinta, har ya rasa inda zai sa idonsa. Jikan ya sarƙe da tari.